An sa hanyarmu a kasafin kuɗi, me ya hana a gyara ta?

Tambaya: Ni direban motar haya ne, kuma hanyar da nake bi ta gwamnatin tarayya ce. Kowace shekara muna jin an sa ta a kasafin kuɗi, ɗan majalisarmu har allo ya kafa a bakin titi, amma ramukan suna nan, a bana ma mun rasa abokan aiki a kanta. Yanzu wani ya zo tasha yana cewa kuɗin sun fito, ɗan kwangila ne ya danne, wai mu yi karo-karo ya je Abuja ya taso su. Mu ba shi?

Amsa: Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya ba iyalansu haƙuri. Malam, kada ku ba mutumin nan ko sisi. Babu ofishin da ake kai kuɗin karo-karo don a saki kuɗin hanya.

Abin da ya ba shi ƙofa shi ne kuskuren da nake fama da shi kullum, har a bakin masu digiri: ɗaukar cewa da zarar an ga sunan hanya a kasafi, to kuɗinta suna ajiye a banki. Sam ba haka ba ne. Kasafi izini ne. Sashe na 80 na tsarin mulki ya hana a taɓa asusun gwamnati sai da amincewar majalisa, kuma amincewar ke nan ake bugawa a takarda. Takardar ba ta haifar da kuɗi. Sai haraji da kuɗin mai sun shigo, an ciwo bashin da za a cike giɓi, an biya albashi da bashin baya, sannan a waiwayi manyan ayyuka da abin da ya rage. Daga nan Ma'aikatar Kuɗi ta ba da takardar saki, ofishin Akanta Janar ya tabbatar akwai tsabar kuɗi a bayanta, injiniyoyi su auna aikin da aka yi su sa hannu, kafin a biya ɗan kwangila. A kowane mataki abu na iya tsayawa wata da watanni. Shi ya sa aka tsawaita ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2023 har zuwa ƙarshen 2024, na 2024 kuma ya shiga 2025.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake yayyafa kuɗin. Hanyar da ke bukatar biliyoyi sai a rubuta mata abin da bai isa gada ɗaya ba, don dai kowane ɗan majalisa ya samu abin nunawa a mazaɓarsa. Ɗan kwangila ya kawo motoci, ya kankare tsohuwar kwalta, kuɗi su ƙare, damina ta zo ta tafi da abin da aka zuba. Hanyar ta fi da muni, allon kuma yana tsaye. Ban ce ba a sata ba, ana yi. Amma wanda ya ɗauka kowane jinkiri sata ne, shi ne ke tare titi ya jefi lebura da direban tifa, mutanen da su ma suna bin albashinsu, ya bar wanda ya kamata ya tuhuma yana zaune lafiya. Kuma shi ne ɗan damfara ke fara nema.

Dubi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai kilomita 375. An ba da kwangilarta a ƙarshen 2017. Da aka ga kasafin shekara-shekara ba zai ɗauke ta ba, aka mayar da ita ƙarƙashin asusun musamman na shugaban ƙasa, har aka sa mata kaso daga dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. Duk da wannan gata, a 2024 aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba a gama ba. Ina ga hanyar da ba ta da kowa?

Hanyoyin da suka fi motsi su ne masu kuɗin da aka ɗaure musu. Sukuk, wato takardun bashin gwamnati marasa kuɗin ruwa, na farko a 2017, naira biliyan 100, an keɓe shi ga ayyukan hanya 25. An kuma fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 a 2019, wanda ya ba kamfani damar gina hanya a cire masa daga haraji. Ita kuwa FERMA, hukumar tarayya mai cike ramukan hanya, gyaran dokarta na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin ɗari na farashin fetur da dizal domin gyaran hanyoyi, amma aka shekara da shekaru ba a aiwatar ba, ta koma jiran kasafi kamar kowa.

Don haka ku fara gano inda kuɗin hanyarku suke fitowa. Ƙungiyarku ta rubuta wa Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke jiharku, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku tambayi jimillar kuɗin kwangilar, nawa aka sa a kasafin bana, nawa aka saki, nawa ɗan kwangila ke bin gwamnati. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Wannan takarda za ku ajiye a gaban ɗan majalisarku, ku tambaye shi me kwamitin ayyuka ya yi da ya ga ba a saki kuɗin ba. Mutumin tashar kuwa, ku kai maganarsa wurin shugaban ƙungiya tun kafin ya tafi da kuɗin wasu.