Muryar da aka tura zauren masu motoci: me ke sa mota mai jan ƙafa huɗu saurin cinye taya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka. Ka ce RAV4 ɗinka mai AWD, wato mai jan ƙafa huɗu, tana cinye taya kafin shekara ta zagayo, kuma kwanan baya ka sa biyu 'yan Beljiyam a gaba, ka bar tsofaffin a baya. To Allah ya ba ka haƙuri, daga nan zan fara, don nan ne babbar ɓarakar.

Ita mota mai AWD, irin su RAV4, Highlander, CR-V, Lexus RX ko Subaru, yawanci akwai shaf da ya haɗa ƙafafun gaba da na baya, a tsakani kuma akwai kulochi ko difiranshiyal mai raba ƙarfi. An ƙera ta a kan cewa tayoyi huɗun nan girmansu ɗaya ne. Sabuwar taya zanenta kan kai zurfin milimita 8. A ce ta baya ta ci ta koma 4. Ido ba zai ga wani bambanci ba, amma a lissafa. Taya mai lamba 225/65 R17 tana juyawa kusan sau 440 a kilomita ɗaya. Wadda ta rasa milimita 4 sai ta ƙara juyi kusan 5 kafin ta cimma 'yar'uwarta. Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, ka ga an haura juyi 1,000 na banza. Motar kuma ɗauka take yi wata ƙafa na sulɓewa, sai ta dinga kama kulochin tsakiya. Kamar a ɗaura wa babban sa da ɗan maraƙi garma guda ne, ɗaya na jan ɗaya. Robar na goguwa a kwalta, man da ke cikin kulochin na ɗaukar zafi, kuma in ya ƙone, kuɗin gyaransa ya fi na taya nesa ba kusa ba.

Don haka ake cewa kada bambancin zurfin zane tsakanin tayoyin ya wuce milimita 2. Subaru ma suna da tsauri a nan. Kuma ba lamba kaɗai ake dubawa ba: kamfani biyu za su rubuta 225/65 R17 amma in an gwada tsayinsu ba ɗaya ba. A samu kamfani ɗaya, zane ɗaya. Ƙaramar safaya kuwa ta kai ka wurin mai faci ce kawai, ba ta zuwa biki a wani gari ba.

Sai su kansu 'yan Beljiyam ɗin. Alhaji, ka tsuguna ka duba gefen tayar. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, galibi tayar hunturun Turai ce. Robarta taushi gare ta, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Ka ɗora ta a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ai saurin cinyewa za ta yi, ko da zanenta ya yi kyau ranar da ka saya. Daga nan ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 6 robarta ta fara bushewa, za ka ga 'yan tsage-tsage a gefe. Ka duba lambar lodi ma. 102H na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 850. In aka sa maka mai ƙasa da abin da motar ke buƙata, sannan aka cika but da buhunan masara, kada a ga laifin taya.

Yanzu maganar iska. Masu faci da yawa, Allah ya saka musu, lambar da ke jikin taya suke bi, 44 ko 51. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne, yawanci za ka ga 32 zuwa 35. A gwada da safe kafin mota ta yi tafiya, don taya mai zafi tana nuna ƙari, in ka rage a lokacin to ka rage da yawa. Ka sayi geji naka na aljihu, na bakin titi da yawa sun daina faɗin gaskiya.

Ita tayar ma tana ba da labarin abin da ke damunta. In tsakiya ya cinye, gefe na nan, iska ta yi yawa. In gefe biyu suka cinye, tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. In gefe ɗaya ne, musamman na ciki, to ƙafar ta karkace, alayimen ne. Wannan na cikin shi ne mugu, daga waje taya tana nan kamar sabuwa, a ciki waya ta fito. Sai ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka leƙa. Sannan ka shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, ka dawo. In wani ɓangare santsi, in ka dawo yana kartar hannu kamar haƙoran zarto, ƙafafun ba sa kallon gaba sak, tayar jan ta ake yi a karkace. In kuma ka ji tudu da kwari-kwari a zagaye, ga gurnani in ana gudu, shokozoba ta mutu ko balansin ya tafi.

Abin da ke cinye wa mutane kuɗi shi ne zuwa alayimen alhali tayarod ko boljoyin ko bushin, wato ƙarafa da robobin da ke riƙe ƙafar mota, na da wasa. Za a saita, ka faɗa rami biyu, komai ya koma gidan jiya. A fara ɗaga motar a jek, a kama taya hagu da dama a girgiza, a sake kamawa sama da ƙasa. Duk abin da ya yi ƙwas-ƙwas a canza shi tukuna. Kuma ka ce ƙafa huɗu za a saita, don waɗannan motocin bayansu ma yana gocewa.

Juya tayoyi kuma duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, ka haɗa shi da juyen baƙin mai don kada ka manta. Yawancin motocin nan gaba ke ɗaukar nauyin inji, ga kwana ga birki, shi ya sa gaban ke riga cinyewa. Na baya su zo gaba, na gaba su koma baya a gicciye. Amma in akwai kibiya a gefen tayar, hanya ɗaya take juyawa, ba a tsallaka da ita ɗaya gefen.

Masu Hilux da ke zauren nan, ku taku daban ce. Taku ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, don haka 4H, wato jan ƙafa huɗu, na yashi ne da laka da burji. In kun hau busasshiyar kwalta ku mayar da ita 2H, wato jan ƙafa biyu, in ba haka ba a kwana za ku ji sitiyari ya yi nauyi, taya na ƙara tana tsalle.

Alhaji, kai dai a gwada zurfin zanen huɗun gobe. In bambancin ya wuce milimita 2, a nemo biyu irin na gaban a sa a baya, in kuma na hunturu ne a sauke su duka. Wassalam.