Ta yaya ake lissafa ƙarfin jan ƙasa na duniyar Mars?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibi ne ɗan SS2, an ba mu aikin gida a fiziks mu nemo g, wato ƙarfin jan ƙasa, na duniyar Mars amma duk sanda na buga a kalkuleta sai amsa ta fito miliyan uku da wani abu, ina matsalar take?

Amsa: Ɗalibi barka kadai, amsar taka ma ta nuna min inda ka zame, kilomita ka saka a wurin mita. Fomular dai ita ce g = GM/R², daga dokar da Newton ya wallafa a 1687 ta fito. G ba ya canzawa ko a ina, 6.67 × 10^-11 ne. M mas ɗin duniyar ne, wato yawan abin da ta ƙunsa, a kilogiram, na Mars 6.42 × 10^23, shi kuma R tazara ce daga tsakiyarta zuwa doronta, kilomita 3,390.

To a nan mutane ke faɗuwa, dole ka mayar da shi mita 3,390,000 kafin ka yi masa sikwaya, in ba haka ba tunda sau biyu yake shiga lissafin kuskuren dubu sai ya zama dubu sau dubu, ka ga miliyan ɗin da ta dame ka kenan. G sau M zai ba ka 4.28 × 10^13, R² kuma 1.15 × 10^13, ka raba sai ka samu 3.7 m/s². Namu na nan duniya 9.8 ne, wato buhun shinkafa mai kilo 50 in ka ɗauke shi a can za ka ji shi kamar kilo 19, duk da ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba.

Amma don Allah kar ka tsaya a haddace lambobi, ka kalli R ɗin nan da kyau domin ni a ganina shi ne zuciyar darasin. Duniyar Yuranus ta ninka duniyarmu sau 14 da ɗoriya a mas amma g ɗinta bai kai 9.8 ba, saboda faɗinta ya ninka namu kusan sau huɗu, nisa daga tsakiya ya cinye ƙarfin. Sannan ka sake duba takardar tambayar, wani lokacin dayamita suke bayarwa, wato faɗin duniyar daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, in haka ne raba shi biyu tukuna ka samu R.