Babur ɗina ya fi nasa ƙarfi, amma shi yake cinye ni a tsere

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da babur mai injin cc 1000, na abokina kuma cc 600 ne. Mun fara zuwa filin tseren dirag, wato tseren miƙaƙƙen layi, kuma sau huɗu muna karawa yana cinye ni. Da koriyar fitilar tashi ta kama sai gaban babur ɗina ya ɗaga sama, ko tayar baya ta yi ta juyi a banza, kafin in daidaita ya yi nisa. Makanikina ya ce in sa kwalbar naitiros, wato iskar da ke ƙara wa inji ƙarfi. In sa? Sannan wani abu ya ɗaure min kai. Na ga tseren da allo ya nuna wani ya yi sakan 10.00, ɗayan ya yi 10.20, amma aka ba mai 10.20 nasara. Maguɗi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sa naitiros yanzu. Ƙarfin da ke hannunka ma bai gama sauka kan kwalta ba, in ka ƙara masa wani, wahalar ce za ta ninka. Amma bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce za ta buɗe ta farkon.

Babu maguɗi a abin da ka gani. A bakin layin tashi akwai turken fitilu da 'yan tsere ke kira bishiya, a ƙasa kuma daf da kwalta akwai zaren haske biyu da suka ratsa hanya, tazararsu kamar inci 7. Tayarka ta gaba ta taɓa na farko, fitila ta ce ka kusa. Ta taɓa na biyu, fitila ta ce ka shirya. Agogon da ke auna gudunka ba ruwansa da kore. Ba ya fara ƙirga sai tayarka ta bar wancan zare na biyu. Kana iya zama sakan biyar bayan kore ta kama, ka tashi, allo ya nuna maka lokaci mai kyau, alhali abokin karawarka ya daɗe da isa. Ke nan lokaci biyu ake aunawa: jinkirin tashinka, da tsawon gudunka. Allo yakan nuna na biyun, nasara kuwa ta wanda ya riga tsallake layin ƙarshe ce. A ce mai 10.20 ya tashi da jinkirin 0.05, jimla 10.25. Mai 10.00 ya yi jinkirin 0.30, jimla 10.30. Na farkon ya riga shi isa. Kada kuma ka raina waɗannan 'yan gutsattsarin lokaci. Wanda ke gudun kilomita 200 a awa yana cin mita 55 da 'yan kai a sakan guda, don haka kashi ɗaya cikin goma na sakan ya fi tsawon babur biyu.

A tseren masu koyo, fitilu uku masu ruwan ɗorawa suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, rabin sakan tsakani, sannan kore. A na ƙwararru ukun suna kamawa lokaci guda, kore ta biyo bayan sakan 0.4. Wanda duk ya jira ya ga kore da idonsa ya makara, domin kafin ido ya gaya wa hannu, hannu ya saki kuloci, taya ta mirgina ta bar zaren, kusan rabin sakan ya tafi. Ka tashi da kamawar ruwan ɗorawa ta uku. In ka yi gaggawa ka riga kore, ja za ta kama, an cinye ka tun ba ka je ko'ina ba. Ja ɗaya ko biyu a ranar gwaji ba abin damuwa ba ne, da su ake gane iyaka.

Yanzu ga naka. Duk gudun da ka yi a fili mai na'ura ana ba ka 'yar takarda mai lambobi. Yawancin sababbi lambar ƙasa suke dubawa, ta ƙarshen kwatan mil, wato mita 402. Ni lambar da nake fara dubawa ita ce ta ƙafa 60 na farko, kamar mita 18. A nan ake cin tsere, a nan ake faɗuwa. Tsofaffin 'yan tsere suna da lissafin da suka daɗe da gwadawa: in ka rage kashi ɗaya cikin goma na sakan a wannan ɗan taƙi, za ka ga ya zama ɗaya da rabi ko biyu a layin ƙarshe. Ina da yaƙinin in ka jera takardarka da ta abokinka, za ka ga ya fi ka a mita 18, kai kuma ka fi shi gudu a ƙarshe. Babur ɗinka yana kamo shi, hanya ce ke ƙarewa kafin ya cim masa.

Dalilin a ginin babur yake. Babur irin naka gajere ne tsakanin taya da taya, nauyinsa kuma yana sama, ga naka nauyin a kai. Da ka murza totur, nauyi ya koma baya. In tayar ta kama ƙasa sosai, gaba ya ɗaga. In ba ta kama ba, ta yi juyi. Tsakanin waɗannan biyun akwai wata siririyar hanya, kuma a giyar farko babur mai cc 600 ma yana da ƙarfin da ya isa ya ɗaga gaba. Ka ga a mita 18 na farko fifikon injinka bai amfane ka da komai ba, sai ma ƙara maka wuyar sarrafawa. Abokinka yana iya buɗe totur da gaba gaɗi, kai kuwa kana buɗewa kana rufewa, kuma kowace rufewa asara ce.

Maganin farko a hannunka na hagu yake. Ba a sakin kuloci gaba ɗaya kamar an saki tarko. Ka riƙe injin a juyi ɗaya tsayayye, ka kawo kuloci daidai inda ya fara cizo, ka kwanta da ƙirjinka a kan tanki, ka matso gaba iyakar matsowa. Da lokacin tashi ya yi, ka riƙa sakin kulocin a hankali kana ƙara totur, ta yadda kulocin zai yi ta zamewa har cikin giyar farko. In gaba ya fara ɗagawa, ɗan jawo kuloci kaɗan ya fi rufe totur. Wannan yana cin faifan kuloci, gaskiya ne, ka sa shi cikin lissafinka kamar yadda kake lissafin mai. Ka kuma bar shi ya huce tsakanin gudu da gudu.

Don kada ka ɗauka wannan matsalar masu koyo ce kaɗai, dubi motocin Top Fuel, mafi sauri a wannan wasa. Injinsu yana ba da ƙarfin doki wajen 11,000, suna shan naitirometen maimakon fetur, suna wuce kilomita 530 a awa cikin ƙasa da sakan 4. Ba su da giyar canzawa ko ɗaya. Kuloci ne mai faifai da yawa, an saita shi ya riƙa kamawa mataki-mataki, domin da a ce dukkan ƙarfin zai sauka kan taya lokaci guda, hayaƙi kawai za a gani. Babban makanikin ƙungiya, aikinsa mafi wuya shi ne ya taɓa kwalta, ya duba zafinta, ya yanke shawarar nawa ne daga cikin ƙarfin nan hanyar za ta iya ɗauka a wannan sa'ar. Sau da yawa rage ƙarfi yake yi don ya ci. Abin da hannunka na hagu zai koya ke nan.

Bayan hannu sai saiti, kuma mai sauƙi ne. Ka rage iskar tayar baya kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ka mayar da ita daidai kafin ka hau titi. A ɗaure gaban babur da ɗamara ya sunkuya, in dokar ajinku ta yarda. A duba kaca, kada ta yi sako-sako, kada ta yi tauri. In kana da niyyar daɗewa a harkar, ƙara tsawon ƙarfen da ke riƙe da tayar baya zai rage maka sakan fiye da yadda kwalbar naitiros za ta yi a yanzu. Shi ya sa baburan ajin Pro Stock, masu gama kwatan mil cikin ƙasa da sakan 7, suke da tsawo da ƙasa-ƙasa, ga sandunan tokare a baya masu 'yan ƙananan tayoyi. Batun ƙona taya kafin tashi kuma, an yi shi ne don tayoyin tsere marasa zane, masu son zafi kafin su yi danƙo. In tayar titi ce da kai, ka kewaye ramin ruwan da ake jiƙa taya a ciki kafin layin tashi, don zanen tayar zai ɗebo ruwa ya ɗiga a layin tashi, ya cuce ka ya cuci na bayanka. Ɗan juyi kaɗan don share ƙura ya isa.

Shi naitiros ba mai ba ne. Iska ce da ke sakin oksijin in ta ji zafi a cikin silinda, kuma oksijin ɗinta ya fi na iskar da muke shaƙa yawa, kashi 36 cikin ɗari ta fuskar nauyi, ita kuwa iskar duniya kashi 23. Ƙarin oksijin yana buƙatar ƙarin fetur daidai gwargwado, da ja da lokacin tartsatsin fulogi baya. In aka kuskure lissafin, fistin yana iya narkewa cikin 'yan sakan. Ban ce makanikinka bai san aikinsa ba, amma ya ba ka maganin ciwon da ba shi ke damunka ba.

Ka sayi ɗan littafi. Kowane gudu ka rubuta juyin da ka tashi da shi, iskar taya, zafin rana, da lambobin takardarka. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. Yanayi ma yana da hannu: iska mai zafi ko mai laima ba ta ɗauke da oksijin kamar mai sanyi, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300 sama da teku. Filin Bandimere da ke kusa da Denver a Amurka, wanda aka rufe a 2023, ya yi suna da wannan, don yana kan tudu sama da mita 1,700, kowa ya je can sai ya sake saiti. In lokacinka na tsakar rana ya fi na safe muni, kada ka yi saurin zargin babur.

Akwai kuma irin tseren da nake so ka gwada, wanda kowa ke rubuta lokacin da ya yi alkawarin zai yi. Mai jinkiri ake fara ba wa kore da gwargwadon bambancin, kuma wanda ya yi sauri fiye da alkawarinsa ya faɗi. A nan aljihu ba ya cin tsere, wanda ya fi sanin abin hawansa ne ke ci. Ban san makarantar da ta fi wannan koyar da tashi ba.

Na ji daɗi da ka ce a fili kuke yi, kuma ina roƙonka ku tsaya a can. Hukumar NHRA mai kula da tseren dirag a Amurka, da Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951, asalinta ke nan: a janye matasa daga tsere a kan titi. Dokokinta da yawa da jini aka rubuta su. A 1970 akwatin giya ya fashe wa ɗan tseren mota Don Garlits ya yanke masa wani sashe na ƙafa, a shekarar da ta biyo baya ya dawo da mota mai inji a bayan direba, sauran suka bi sawu. A 2008 ɗan tsere Scott Kalitta ya rasu a filin Englishtown a Amurka bayan injinsa ya fashe, motar ta kasa tsayawa, daga nan aka rage tseren motocin naitirometen zuwa ƙafa 1,000, kamar mita 305, don a samu filin tsayawa. Gudu in ya ninka biyu, abin da birki zai kashe ya ninka huɗu. Fili yana da doguwar hanyar tsayawa, da yashi, da raga, da motar asibiti a tsaye. Titi ba shi da ko ɗaya, sai mai tsallaka hanya da bai san kuna tafe ba. Hular kwano mai rufe fuska duka, rigar fata, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da igiyar da ke kashe inji in ka faɗo, waɗannan su ne kayan da za ka fara kashe wa kuɗi. In kuma za ka je kallon manyan motocin da iyali, ka tafi da abin toshe kunne, musamman na yara, don ƙararsu tana lalata ji, hayaƙinsu kuma yana sa hawaye.

Ka yi gudu ashirin ba tare da ka canza komai a inji ba. Ranar da lambarka ta mita 18 ta daina tsalle, ta tsaya kusan wuri ɗaya gudu biyar a jere, kuma gaba ya daina ɗagawa, ka sake rubuto min da lambobin. A lokacin sai mu duba ko ƙarin tsawo kake buƙata, ko canjin haƙoran kaca, ko kuwa lokacin kwalbar ya yi.