Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Jaraba Ta Ƙaru Bayan Na Tuba?

TAMBAYA: Ni mai bi ce, kuma shekara 2 ke nan da na tuba na miƙa raina ga Almasihu. Abin da ke damuna shi ne, tun daga lokacin jaraba sai ƙaruwa take yi maimakon ta ragu. Da zarar na durƙusa zan yi addu'a da dare, sai munanan tunani su cika mini zuciya, har da waɗanda ba zan iya faɗa wa kowa ba, sa'an nan wani abu ya riƙa tuna mini zunuban da na yi a dā, yana cewa Allah bai gafarta mini ba. Shin mugun ruhu ne ya shige ni, ko kuwa Allah ne ya juya mini baya? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwata, ki kwantar da hankalinki, domin ban ga ko ɗaya daga cikin abubuwa biyun da kike tsoro a wasiƙarki ba. Wadda Allah ya juya wa baya ba za ta riƙa zubar da hawaye a kan tunanin da ke ɓata mata addu'a ba, kuma ƙyamar da kike yi wa wannan tunani shaida ce cewa Ruhu Mai Tsarki yana aiki a cikinki. Ki lura da lokacin da aka jarabci Ubangijinmu kansa. A ƙarshen Matiyu sura 3 aka yi masa baftisma, murya daga sama ta shaida cewa shi ne ƙaunataccen Ɗa, sura 4 kuwa ta fara ne da shigarsa jeji, inda ya yi azumin kwana 40 Iblis ya zo masa. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabce shi ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Ashe ke nan zuwan jaraba daban, aikata zunubi daban, kuma wannan bambanci shi ne abu na farko da maƙiyi yake so ki manta.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa akwai mugayen ruhohi da ke gāba da masu bi ba. Manzo Bulus ya faɗa a Afisawa 6:12 cewa kokawarmu ba da 'yan adam take ba, da ikokin duhu take. Sai dai abin da na lura da shi shi ne, mutane da yawa suna neman aikin Shaiɗan a cikin mugun mafarki da motsin dare, alhali babban makaminsa ƙarya ce, har Yesu ya kira shi uban ƙarya a Yahaya 8:44. A gonar Adnin bai taɓa jikin Hawwa'u ba, tambaya kawai ya yi mata, ko da gaske Allah ya hana su cin 'ya'yan itatuwan gonar, kuma da ya je wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, har Zabura 91 ya jawo ya karkatar da ma'anarta. Yesu bai tsaya jayayya da shi ba, ya amsa masa sau 3 da abin da yake a rubuce, dukansu kuwa daga littafin Maimaitawar Shari'a.

Muryar da ke tuna miki zunuban dā ita ce ta fi damuna a wasiƙarki, saboda haka zan daɗe a kanta. Ma'anar sunan Shaiɗan a Ibrananci ita ce abokin gāba ko mai kai ƙara, kuma Wahayin Yahaya 12:10 ta kira shi mai ƙarar 'yan'uwa dare da rana. Kafin mutum ya faɗi, sai ya raɗa masa cewa abin ƙarami ne, ba wanda zai sani. Bayan ya faɗi kuma sai ya juya ya ce abin ya fi ƙarfin gafara. Ruhu Mai Tsarki ma yana nuna wa mutum laifinsa, amma yakan ambaci laifin da sunansa, ya kai mutum ga tuba, da an tuba kuwa zance ya ƙare. Zargin maƙiyi ba shi da iyaka, yana tono abin da aka riga aka furta, yana sa mutum ya ji kunyar tsayawa gaban Allah har ya daina addu'a.

Ki dubi Bitrus, almajirin Yesu, a daren da aka kama Yesu. Ubangiji ya riga ya gaya masa a Luka 22 cewa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe almajiran kamar alkama, amma shi ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta kāsa. Ga Bitrus zaune a tsakar gidan babban firist yana jin ɗumin wuta, wata baranya ta ƙura masa ido, ya yi musun Ubangijinsa har sau 3, zakara ya yi cara, Yesu ya waiwayo ya dube shi, shi kuwa ya fita ya yi kuka mai zafi. Yahuza ma, almajirin da ya ci amanar Yesu, ya yi nadama, har ya mayar da kuɗin azurfa 30 ɗin da aka biya shi, amma ya tafi da nadamarsa shi kaɗai ya hallaka. Bitrus ya zauna tare da 'yan'uwa, kuma a Yahaya 21, a gefen wata wutar gawayi a bakin teku, Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikinsa. Wannan Bitrus ɗin ne daga baya ya rubuta cewa Iblis yana zagawa kamar zaki mai ruri, ya kuma ce a yi tsayayya da shi cikin bangaskiya.

Kalmar izini da ke cikin wannan labari tana da muhimmanci. A Ayuba sura 1 da 2 ma Allah ne ya sa wa Shaiɗan iyakar da ba zai ƙetare ba, kuma 1 Korintiyawa 10:13 ta yi alkawari cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, zai kuma buɗe mafita. Sai dai gaskiya ta sa in ƙara cewa ba kowace jaraba ce za a ɗora wa Shaiɗan ba, domin Yakubu 1:14 ta ce muguwar sha'awar mutum ce ke jansa. Idan akwai abin da kike kallo ko saurare, ko wata tsohuwar hulɗa da ke hura wutar wannan tunani, to ki yanke shi ba tare da jinkiri ba.

Idan kin durƙusa a daren yau tunanin ya zo, kada ki tashi, kada kuma ki tsaya muhawara da shi. Ki buɗe 1 Yahaya 1:9 da Romawa 8:1 ki karanta su da murya, ki ci gaba da addu'arki daga inda kika tsaya. Ki kuma nemi wata dattijuwa mai riƙon asiri a ikilisiyarku, ko fastonku, ki faɗi abin da kike ɓoyewa, ku riƙa yin addu'a tare. Idan kuma abin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci na kwanaki, ko kina jin murya a kunnenki kamar ta mutum, ki je wurin likita ba tare da jin kunya ba. Lokacin da annabi Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya, sa'an nan daga baya Allah ya yi magana da shi a Dutsen Horeb.