Tambayoyin 'Yan Aji Ɗaya a Jami'a da Amsar Likita

Tun da aka koma makaranta, yawancin saƙonnin da ke zuwa mini daga sababbin ɗalibai ne da iyayensu. Na zaɓi huɗu a wannan makon.

Likita, tun da na shiga jami'a sau ɗaya nake cin abinci a rana, saboda lakca da ƙarancin kuɗi. Yanzu bakin cikina na yi mini zafi kamar an zuba barkono, musamman da tsakar dare. Ina shan ibuprofen amma ba sauƙi. Abokaina sun ce olsa ce.

Ɗana, ka ajiye ibuprofen ɗin nan yau ɗin nan. Shi da danginsa, irin su diclofenac da asfirin, suna cinye rufin da ke kare tumbi daga ruwan tsamin da yake narkar da abinci. Wato maganin da kake sha yana cikin abin da ke ƙara maka ciwon. Idan ciwon kai ne ko na jiki, farasitamol ya ishe ka.

Yunwa ita kaɗai ba ta haƙa gyambon ciki, sai dai tana tayar da zafinsa. Manyan masu laifi biyu ne: waɗancan magunguna, da wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori. Ana gano ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magani na kimanin kwana 14. Ka je asibitin makarantarku da katinka, akwai tsarin inshorar lafiyar ɗalibai na TISHIP da aka yi domin irin wannan. Kafin nan, kada ka fita lakcar safe da cikinka wayam. Koko da ƙosai, ko gyaɗa da dabino a aljihu, sun fi babu. Idan ka ga jini a amai, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, kada ka jira gari ya waye.

Assalamu alaikum likita. Ban taɓa kwana a wajen gidanmu ba sai bana. Kullum da daddare sai na yi kuka. A sakandare ni ce ta ɗaya, amma gwajin farko na faɗi. Ba na iya barci, kuma ina jin kunyar gaya wa Mama.

Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina duba saƙonki, domin na ga irinki da yawa a ɗakin duba marasa lafiya: yarinya ta zauna tana murza gefen hijabinta, ta ce ciwon kai ne ya kawo ta, sai na tambaye ta labarin gida hawaye su zubo. Kewar gida ba rauni ba ce, ba kuma ƙarancin imani ba. Jiya Mama ce ke tashinki da asuba, yau kina cikin ɗakin taro da ɗaruruwan mutane, malamin bai san sunanki ba. Dole zuciya ta girgiza. Ga mafi yawan ɗalibai abin yana lafawa cikin makonni, da zarar an sami ƙawa ɗaya ta kirki an kuma gane kan karatun.

Ki gaya wa Mama. Na tabbata ta riga ta ji a muryarki. Ki samu malamin da ke kula da ajinku ki nuna masa takardar gwajin, faɗuwa ɗaya a zangon farko ana gyara ta. Ki kare barcinki: mai shekarunki na buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Kwana a aji har asuba da kofi da lemon ƙara kuzari yana ƙara faɗuwar gaba ne kawai. Duk wanda ya miƙa miki ƙwaya ya ce ta barci ce ko ta ƙarfin karatu, kada ki karɓa. Da haka tiramadol da kodin suke shiga rayuwar yara masu tarbiyya.

Amma akwai iyaka. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu kusan kullum, abinci ya fita ranki, abin da kike so a da ya daina burge ki, to ya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Idan har tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani babba a ranar, ku tafi asibiti tare.

Likita, ɗana ya ce su takwas ne a ɗakin mutum huɗu. Ina tsoron sanƙarau.

Malam, tsoronka na kan hanya. Arewacin Nijeriya da Nijar na cikin yankin da cutar ke tashi da rani, daga Disamba zuwa Yuni, kuma cunkoso a ɗaki marar iska shi ne abincinta. Su riƙa buɗe taga ko da ana hunturu, kowa da kofinsa da cokalinsa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar, ɗanka ya tambaya a asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa. Ka koya masa alamomin: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa. Tana iya kisa cikin kwana guda, don haka abokan ɗaki su ɗauki mutum zuwa asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Likita, kowane wata sai mai kemis ya ce ina da maleriya da taifot.

Da wuya haka ta kasance. Gwajin Widal da ake dogaro da shi yakan nuna taifot ga wanda ba shi da ita. A ɗiga jininka a gwada maleriya kafin ka sha komai. Idan ita ce, ka shanye maganin na kwana uku cif ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu, sannan ka ɗaura gidan sauro a gadonka.