Tsoffin fedojin ganga: in gyara in sayar a gida, ko in nemi kasuwar waje?

Tambaya: Ina sayar da kayan kiɗa na gwanjo a Sabon Gari, Kano, daga kasuwar Alaba ta Legas nake saro su. A cikin kaya nakan tsinci tsoffin fedojin da ake taka babbar ganga da su, da ƙarafan ɗora faifan ƙarfen da makaɗi ke bugawa, wasu duk tsatsa. An ce mini Turawa na sayensu da tsada. Shin in ware jari in riƙa tara su ina gyarawa?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya aka gaya maka, amma ba a ƙarasa maka zancen ba. Masu tara irin waɗannan kaya suna Amurka da Turai da Japan, kuma ba kowane tsohon ƙarfe suke bi ba. Suna ne suke saye. Tun 1909 William F. Ludwig ya yi rajistar fedarsa a Chicago, a 1937 kuma kamfaninsa na WFL ya fito da Speed King, wadda John Bonham na ƙungiyar Led Zeppelin ya yi amfani da ita, har ana jin ƙarar ƙiƙi-ƙiƙinta a wasu waƙoƙinsu. Akwai Rogers Swiv-O-Matic, akwai Camco wadda kamfanin DW ya sayi injinan ƙera ta a 1977 ya gina tasa fedar a kanta, akwai Premier ta Ingila. In ka juya feda ba ka ga suna irin waɗannan a jikinta ba, to kayan aiki ce kawai, kada ka ɗora mata buri.

Don haka kasa kayanka gida biyu.

Kashi na farko, wanda shi ne mafi yawa, na masu kiɗan coci da na biki ne. Su ba ruwansu da shekarar da aka ƙera abu. Mutum zai taka, in ta tashi da sauri ta dawo ba gardama, ya yi ciniki ya biya. Nan ribarka take, domin kuɗin na juyawa. Ka wanke, ka sa giris, ka canza sifirin da ɗaurin da ya tsinke, ka sayar a makon. Kada ka kashe wa irin wannan feda abin da ya kai rabin kuɗin sabuwa 'yar China, don mai saye da ita zai gwada farashinka.

Kashi na biyu shi ne masu suna, kuma a nan ne 'yan kasuwa ke yi wa kansu asara da hannunsu. Mai tara kayan tarihi ya fi son abu da tsufansa, da kusoshinsa na asali. Ka kai wa mai fenti ya fesa mata azurfa, ko ka goge ta da samfefa har rubutun kamfani ya shafe, ka zubar da darajarta. Speed King da aka fi gani sifirinta a ɓoye suke cikin ginshiƙai biyu, kuma abin da ya fi damunta shi ne tsohon giris da ya daskare a ciki. A buɗe murfin a hankali, a jiƙa da kananzir, a goge, a sa sabon giris, shi ke nan ta farfaɗo. Tsatsar da ke kan ƙarfe mai sheƙi kuwa, takardar alminiyom da ɗan ruwa sun isa. Sannan ka kula da noti: tsoffin kayan Amurka da awon inci aka yanka zarensu, na kasuwa yanzu yawanci milimita ne. In yaron shago ya matsa shi da ƙarfi, zaren ya cinye, an gama. Wadda jikinta ya tsage kada ka saya da niyyar kai wa mai walda, irin wannan zubin ba ya karɓar walda yadda ya kamata. Sai dai ka kwance ta ka sayar da sassanta, su ma ana nemansu.

Kafin ka saki ko sisi, shiga shafukan saye da sayarwa na intanet, eBay da Reverb, ka duba farashin da aka riga aka sayar, kada ka ruɗu da wanda mai kaya ya rubuta yana jira. Speed King ma an ƙera ta da yawa tsawon shekaru, ba ta da wahalar samu a can. Mai tambarin WFL, wato tsohuwar ƙira, ita ce ta fi jan hankali. Daga farashin nan cire kuɗin aikawa, ƙarfe ne mai nauyi, cire kason da shafin ke yanka, ka kuma tabbatar da hanyar da dalar za ta shigo hannunka. Sau da yawa abin da ya rage bai kai wahalar ba, sai in za ka haɗa guda uku ko huɗu a kwali ɗaya, ko kana da amintacce a can da zai karɓa ya sayar.

Shawarata, kada ka ware wa wannan jari na musamman. Abin da ya faɗo cikin kayan da ka saba sarowa, in mai suna ne, ka ɗauke shi hoto ta kowane gefe tun kafin ka taɓa shi, ka sa duk kusar da ka kwance a leda guda, ka rubuta nawa ya tsaya maka. In ya yi wata shida ba wanda ya taya daga waje, ka sayar wa makaɗin gida a farashin feda mai aiki, ka mayar da kuɗinka cikin shago.