Kada ka ɗaura kekuna a bambar bayan tirela

Ɗan'uwa, ka yi tambaya ko za ka iya ɗaura kekuna uku a bambar bayan tirelar kwana da kake ja da mota, da abin da ya kamata ka riƙa dubawa a jikinta. Na daɗe ina jan irin wannan tirela da kekunan iyali, kuma shawarata ita ce ka ƙyale bambar nan.

Yawancin bambar tirela siririn ƙarfe ne da aka ɗan taɓa da walda, ba don kaya aka yi ta ba. Ga shi tireloli da yawa sifirin kawai gare su, babu shokozoba, don haka duk ramin da aka faɗa, can baya ne jijjigar ta fi tsanani. Kekuna su yi sama su dawo da ƙarfi, waldar tana tsagewa a hankali, kai kuwa kana gaba ba ka gani. Na taɓa tsayawa taimakon wani da ya ja kekunansa a kwalta bai sani ba, sai da masu wucewa suka yi ta yi masa hon.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne rabon nauyi. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗinta da mota. Duk abin da ka rataya a baya yana ɗaga gaban, kuma da zarar gaba ya yi sakayau, tirela za ta fara wutsiya a kan hanya, musamman in babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo ta gefe. In hakan ta faru, kada ka danna birkin mota da ƙarfi, kada kuma ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, in tirelar tana da birkin lantarki ka kama shi da hannu ta na'urarsa da ke cikin mota.

Ni dai a gaba nake ɗora kekunan, a kan ƙarfen da ke tsakanin tirela da mota, sai dai ka gwada shan kwana mai tsini tukuna kada keke ya daki bayan motar. Rufin mota ma ya yi, in ba za ka manta da tsawonka a ƙarƙashin gada ko rassan bishiya ba. In keken lantarki ne, cire batirin, ya rage nauyi. Sa tsumma inda feda ke gugar wani keken.

Batun gyara kuma, boris, wato ƙarfen da ƙafar tirela ke juyawa a kansa, shi ne ke kunyata mutane. A buɗe shi a sa sabon giris duk shekara, kuma duk inda ka tsaya ka kai hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi tana da magana. Tayar tirela kuwa tsufa ke kashe ta kafin ta suɗe. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta mako ne da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara biyar zuwa shida, canza ta ko da tana sheƙi. Auna iska da safe kafin a tashi, kuma in an kwance ƙafa, sake ɗaure notin bayan kamar kilomita 80.

Kafin lokacin ruwa ka hau rufin tirelar ka bi gam ɗin da ke kewaye da tagogi da mafitar iska, inda ya tsage ka cike shi.